Masoyan da Kawu Sale Ya Bari a Bakin Rijiya

Duk wanda ya san Kawu Sale tela ya san shi da tef ɗin awo a wuya. Da shi yake zuwa shagonsa a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, da shi yake zuwa ɗaurin aure, ranar Juma'a ma sai dai ya cusa shi cikin riga, bakinsa na leƙowa. Kuma ba yadi kaɗai yake aunawa ba. In mutum ya ja gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya koma kan gajiya, sai Kawu ya taɓa tef ɗin ya ce, "Ta yi tsawo, a rage." Ya faɗa wa mai jawabi a walima haka a gaban jama'a. Ya faɗa wa likita haka yana tsakiyar yi masa bayanin hawan jini. Ni kuwa Rabi, 'yar ƙanwarsa, na sha wannan magana fiye da kowa, don ni Allah bai halicce ni da gajeren zance ba.

Ku da muka taso tare a Jidda ba sai na gaya muku mene ne Ayarin Gabas ba, amma saboda yaran yanzu da baƙi bari in faɗa. Wasan kwaikwayo ne mai waƙoƙi da Kawu ya tsara tun ban shiga makaranta ba. Labarin kakanninmu ne, yadda suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka yi shekaru a hanya suna noma da tsinkar auduga a Sudan, har suka haye teku suka iso. Kowace shekara, kwana uku da ƙaramar Sallah, a kan kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, can Abhur, a yi wasan bayan la'asar. A ja labule ya raba filin biyu, maza a dama, mata a hagu, kowa na hango dandamali. Yaranmu da ba sa iya haɗa jimla biyu da Hausa ba tare da Larabci ya faɗo ciki ba, sun haddace waƙoƙin nan kaf.

Kayan wasan kuwa, la ilaha illallahu! Labulen nan da ƙyallayen da suka rage a shago ya haɗa shi, mata kan zauna suna nuna wa juna, ga zanen sunan wance, ga rigar angon wane. Raƙumin ayari da buhunan shinkafa ya ɗinka shi, mutum biyu ke shiga ciki, har rubutun buhun na nan a tozo. An yi an yi a sake sabo ya ƙi. Ya ce raƙumin da ya taso daga Katsina a ƙafa ai ba zai iso yana ƙyalli ba.

To, ga inda rigimata da shi take. A tsakiyar wasan, ayari ya sauka a bakin wata rijiya. Sai wani saurayi daga wani ayarin daban, sunansa Ilu, ya zo neman ruwa da gora a rataye. Yarinyar ayarinmu, Ladi, ita ke ba shi. Duk 'yan wasan maza ne, Ladi kaɗai ce mace, kuma ba a ganinta, tana bayan labule ta ɓangaren mata. Muryarta ake ji, sai hannunta da ke miƙo ƙwarya ta gefen labule. Ilu ya rera:

Mai guga, ƙishi ya kawo ni,
Ba ni ruwa in wuce.

Ita kuma ta amsa:

Sha a hankali, baƙo,
Hanya ba ta gudu.

Baiti shida ne, uku nasa, uku nata. Ya sha, ya miƙa mata ƙwarya, ya juya sau ɗaya ya dubi labulen, ya fita. Halas, shi ke nan. Ba a ƙara ganin Ilu, ba a ƙara jin Ladi, ba wanda ya sake ko ambaton sunansu har a tashi. Ayari ya ci gaba da harkarsa kamar ba a yi komai ba.

Ni ce Ladi. Ina da shekara sha shida Kawu ya ba ni ƙwaryar nan, kuma shekara ashirin da biyu ina miƙa ta. Na yi aure, na haifi huɗu, na fara rina furfura, Ladi na nan tsaye a bakin rijiya. Wallahi abin yana ci mini rai. Burina ɗaya ne a wasan nan, Kawu ya rubuta wa yaran nan ƙarshe kafin ɗayanmu ya bar duniya, ko ni ko shi. Kowace shekara da an fara gwaji sai na tayar da maganar, kowace shekara sai ya ce mini wasan ya riga ya yi tsawo.

Ba ni kaɗai ba ce. Hajiya Tabawa mai turare, ƙawar mahaifiyata, ita ce shugabar masu ƙorafi. Da an gama wasa, mutane na tafi, sai ka ji muryarta ta keto labule: "Sale, ina ka kai ɗan mutane?" Wata shekara ya ce mata Ilu ya ɓata hanya. Wata shekara ya ce kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, shi ne ya hana shi fita. Shekarar da ba na mantawa, ya amsa mata da cewa ya tafi sabunta iƙama, takardar izinin zama. Hajiya ta ce wace irin iƙama kuma a zamanin raƙuma, lokacin ko ofishin ba a gina ba. Kawu yana naɗe tekunsa, wani shuɗin yadi da ya koɗe, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Shi ya sa ya daɗe, yana jira a buɗe." Maza suka fashe da dariya, Hajiya ta rantse baɗi ba za ta zo ba. Baɗin ita ta riga kowa kama kujerar gaba.

Mutum ɗaya ne na ga ya taɓa sa Kawu ya yi shiru, shi ne Malam Nura. Sabon zuwa ne a lokacin daga Zariya, yana aiki a wani kantin magani a unguwar Madain Fahd, amma ashe a jami'a harkar wasan kwaikwayo ya karanta. Ya kalli Ayarin Gabas sau ɗaya, washegari ya wanke ƙafa har shagon Kawu. Na je karɓar ɗinki ne na tarar da su. Cikin ladabi ya fara, ya yaba waƙoƙin, ya yaba raƙumin ma, sannan ya shigo da zancensa, yana zuba Turanci yana komawa Hausa. Ya ce wasan babba ne, amma yana ɗingishi a wuri ɗaya. Marubuci in ya hura wuta sai ya ɗora tukunya, ba ya tashi ya bar ta tana ci a banza ba. Soyayyar da aka fara aka watsar, in ji shi, tana sa mai kallo ya kwashe rabin wasan yana leƙen ƙofa yana jiran Ilu, har ya kasa ba sauran labarin hankalinsa. Ko a ƙarasa ta, ko a cire ta gaba ɗaya. Ina daga gefe ina gyaɗa kai kamar wuyana zai cire.

Kawu na da allurai uku a baki, sai da ya zare su ɗaya bayan ɗaya ya soke a hannun riga. Ya ce wa Malam Nura ya ɗan rera masa waƙar haye teku. Malam ya yi tari ya ce bai riƙe ta ba. To waƙar tsinkar auduga fa? Ita ma ta shige masa. Ta rijiya fa? Jama'a, mutumin nan ya lumshe ido a tsakiyar kasuwa ya rera baiti shidan nan cas, har da na Ladi, ya siranta murya. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shagon ya leƙo yana kallo.

"To, Malam," in ji Kawu, "wadda ka ce ta gurgunta wasan, ita kaɗai ta bi ka gida."

Na ce a raina shi ke nan, an kayar da namu. Amma Malam Nura ya buɗe ido ya ce, "Baba, ta bi ni ne don tana neman wanda zai ƙarasa ta." Kawu ya tsaya yana kallonsa, ya daɗe, har na zaci zai sauko. Sai kawai ya ciro tef ya durƙusa ya auna ƙafar wandon baƙon, ya ce wanda ya ɗinka masa wannan ba ya tsoron Allah, ya cire ya bari a rage masa. Malam Nura ya koma gida da aron zane a kunkumi da wata tsohuwar jallabiyar Kawu. Daga ranar suka zama aminai, suna wannan musu duk Juma'a, kuma ba wanda ya taɓa matsawa ko taku ɗaya.

Da na ga lallashi bai yi ba, ilimi bai yi ba, sai na ce bari a gwada juyin mulki. Mai fitowa a Ilu shekarun nan Musa ne, mutumin Damagaram, direban wani gida a Abhur, mutum mai sanyin hali da tsoron Kawu kamar me. Sai da na bi ta wajen matarsa kafin ya yarda. Na rubuta baiti huɗu sababbi da kaina. Shirin shi ne, a fitowa ta ƙarshe, lokacin da ayari ke shiga jirgin ruwa, Ilu ya bayyana da sandarsa da gorarsa, ya kira Ladi, ni kuma in amsa daga bayan labule, a ɗaura aure a kan teku. Muka yi gwaji a waya har sau biyar. Abin da muka manta shi ne, Kawu da kansa ke fitowa a sarkin jirgi.

Ranar ta zo. Ayari na hawa jirgi, ana kaɗa shuɗin yadi, sai ga Musa ya faɗo dandamali yana haki. Ɓangaren mata ya ɗauki guɗa. Hajiya Tabawa ta miƙe tsaye tana cewa ga shi nan, ga shi nan, Allah ya kawo shi. Ni na cika ƙirji da iska, na buɗe baki. Kawu ya dubi Musa daga sama har ƙasa, ya sa sandarsa ya tare bakin jirgi, ya ɗaga murya yadda na bayan fili zai ji:

"Samari, jirgi ya cika. Ka jira na baɗi."

Musa ya tsaya da baki buɗe, duk baitocin suka gudu daga kansa. Ya ce, "To, Baba," ya juya ya sauka sumui-sumui. Filin nan ya kece da dariya, har mutanen cikin raƙumi suka faɗi. Ni dai iskar da na cika ƙirji da ita na saki a hankali, na zauna, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bai yi mini faɗa ba, ko kalma. Sai da babbar Sallah ta matso, ya aiko mini da ɗinkina a leda kamar kullum. Na buɗe, riga ta yi kyau, amma hannu ɗaya ba a haɗa ba, ga shi a ninke daban da zare da allura a soke. Na kira shi a waya ina tafasa. Ya ce, "Ai na ji kin iya ƙarasa aikin mutane." Da mayafi na rufe kafaɗar nan na je idi.

Bara jikinsa ya ƙi. Ya daina zuwa Balad, ya koma kwance a gidansa na Madain Fahd, ƙafafu sun kumbura. Muka san abin da ake ciki, shi ma ya sani. Wata ranar Talata bayan azahar na je gaishe shi, kuma ba zan ɓoye muku ba, da littafi da biro na je a jaka. Na ji kunyar kaina, amma na ce in na bari ya tafi da ƙarshen nan a cikinsa ba zan yafe wa kaina ba. Na gaishe shi a taƙaice yadda yake so. Ya hango bakin littafin ya yi murmushi, ya ce ya san ba duba shi na zo yi ba, biko na zo yi wa Ilu.

Na ce, "Kawu, don Allah. Shekara ashirin da biyu. Ko baiti biyu ne ka aurar da su mu huta."

Ya ce in tura ƙofa. Da na tura sai ya ce, "In na aurar da su, ni wa zai haife ni? Uwarki fa? Ke fa, sarkin naci?"

Ban gane ba da farko. Sai ya ce Ladi Iya ce. Iya, mahaifiyarsa, kakata. Na ce wace Iyar, Iya mai ƙosai, wadda ke jifan mu da takalmi in mun taɓa mata kasko? Ya ce ita fa. Dariya ta taso mini, ta haɗu da kuka, na rasa wanda zan fara.

Ya ce sau ɗaya tak ta taɓa ba shi labarin, yana saurayi, tana taya shi warware wani ɗinki, ba ta ko dube shi ba. Tana budurwa ayarinsu ya sauka a wata rijiya a Sudan. Wani yaro daga wani ayarin ya zo ta ba shi ruwa. Kwana bakwai yana zuwa, kullum da ƙishi, ita kuma kullum tana jan guga a hankali. Rana ta takwas ayarin su yaron ya tashi ya bi wata hanya, daga baya aka ji ciwo ya shiga hanyar nan ya kwashe mutane da yawa. Ko sunansa ba ta tambaya ba, Ilu Kawu ne ya raɗa masa. Ta iso Jidda, ta auri kakanmu, ta zauna da shi lafiya har mutuwa ta raba, kuma Kawu ya ce bai taɓa ganin ta yi nadama ba. Amma duk lokacin aikin hajji sai ta kai kaskonta inda baƙin alhazai ke sauka, tana suya tana duban fuskoki.

Ta ce wa Kawu ba auren mutumin take nema ba, ita da 'ya'yanta shida. So take kawai ta ji ya iso.

Na tambaye shi ko Iya ta taɓa kallon wasan. Ya ce sau uku kafin ta rasu, tana zaune a gaba. Ba ta ce masa ya yi kyau ba, ba ta ce bai yi ba. A na ukun ne kawai ta ce masa ƙwaryar ta yi ƙanƙanta, waccan ta fi haka girma. Ya ce to yaya zai yi? In ya aurar da su ya yi wa mahaifinsa rashin kunya. In ya kashe yaron, bai ga gawarsa ba. In ya cire waƙar, ya share abu ɗaya da Iya ta taɓa ba shi ajiya. Inda ta tsaya nan ya tsaya.

Na rufe littafin zan mayar jaka, ya ce a'a, buɗe, tunda na kawo. Ya ce Malam Nura yana da gaskiya rabi, kada in gaya masa. Bai kamata a bar mutane su koma gida da yaron nan a hanya ba, shi ma ya gaji da barinsa a can. Ya ce in rubuta layi ɗaya, ba waƙa ba, magana. In ayari ya sauka a Jidda, wani ɗan dako ya zo kusa da labule ya ce, "Yarinya, wani mai gora ya ce a gaya miki ya iso lafiya." Na rubuta. Na ce amma Kawu ai ba mu sani ba ko ya iso.

Ya ce, "Ba labari nake bayarwa ba, Rabi. Roƙo nake yi."

Na ce to Ladi me za ta amsa? Ya ce ba komai, ta ji, ya ishe ta.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan ya rasu, da hantsi, aka yi masa sutura bayan la'asar. Kafin ya tafi ya yi mini izinin in faɗi labarin nan in ƙasa ta rufe masa ido, ya ce lokacin ba sauran wanda zai ji kunya sai ni.

Sallar da ta wuce mun yi wasan ba shi. Malam Nura ne ya fito a ɗan dako, shi ya roƙa. Ban da shi, ban gaya wa kowa abin da ke tafe ba. Ayari ya sauka, aka yi waƙar isowa, sai ya matso kusa da labule da buhu a kafaɗa ya faɗi layin nan. Ba guɗa, ba tafi, filin ya yi tsit. Ina tsaye a bayan labule, karo na farko da bakina ya mutu ba wanda ya sa ni. Can sai na ji Hajiya Tabawa a kujerar gaba tana jan hanci, ta ce a hankali, ba da kowa take ba, "Alhamdu lillahi, ɗan mutane."

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya jiƙan Iya da kakanmu da ya riƙe ta da mutunci. Shi kuma wancan bawan Allah da ya sha ruwa a hannunta, ba mu san sunansa ba, Ubangiji ya sani. Ko a ina tafiyarsa ta tsaya, Allah ya sa ya iso.